Nasanta da Bindigar da Ta Ƙi Ɗanuwa

Mijin yayata bai taɓa ganin abin da bai sani ba. Ka nuna masa injin jirgin sama, zai ɗan karkata kai ya ce, "Na san ta." Ka kawo masa cutar da ta gagari likita, na san ta. Shi ya sa a gandun dajin da muke aiki babu mai tuna ainihin sunansa. Daga Shugaba har mai shara Nasanta suke kiransa, shi kuma yana amsawa da fara'a, don a ganinsa lambar yabo ce.

Aikinsa gadin ƙofa, ya ɗaga sandar ƙarfe in mota ta yi hon, ya sauke in ta wuce. Ni kuwa ina cikin masu sintiri, shekara tara ke nan ina bin sawun ɓarayin namun daji. Amma in ka ji shi yana ba baƙi labari, sai ka rantse shi ya kafa rundunar soja. Gaskiyar maganar, ya taɓa yin wata uku a wani bariki yana facin tayoyin motar kwasar shara. Abin da ya taso da shi daga can bai wuce tafiyar ƙasaita ba, sai kuma baƙin salatif na masu wayarin da ba ya rabuwa da aljihunsa. Takalminsa, rediyonsa, ƙafar tabaransa, duk salatif ne ke riƙe da su.

To, Baba Mai Makulli, dattijon da ke kula da ɗakin makamanmu, zai yi ritaya a ƙarshen wata. Kujerarsa ba wata babba ba ce, amma tana zuwa da gida mai ɗaki biyu da falo da famfo a cikin harabar ofis. Yayata kuwa da 'ya'ya huɗu suke cushe a ɗaki ɗaya, ruwa ma sai an yi tafiya. Ta kira ni ta ce in tsaya wa mijinta ya samu kujerar nan, kuma kada in kuskura in kunyata shi a gaban mutane. Ita ta goya ni a bayanta bayan rasuwar mahaifiyarmu, ba na iya ce mata a'a. Na ce to.

Ranar da abin ya faru, an kawo mana sabuwar bindiga guda ɗaya a cikin akwatin katako, samfurin irin waɗanda za a raba mana nan gaba. Shugaba ta aiko cewa za ta zo ƙarfe huɗu ta gan ta a gaban ma'aikata duka, kuma duk mai sha'awar kujerar Baba ya nuna kansa a lokacin. Shi Baba da safen ya tafi gari a cire masa haƙori. Ya bar akwatin a kan teburin baranda, amma ya kulle harsasai ya tafi da makullin a aljihunsa, wannan kuwa shi ne babban alherin da Allah ya yi mana a ranar.

Ƙarfe goma ba ta yi ba sai ga Nasanta. Ya ɗaga sandar ƙofa ya tokare ta da dutse don kada masu hon su dame shi, ya taho yana naɗe hannun riga. Ya tara mu, ni da Direba da Inna Kuku mai dafa mana abinci da duk wanda ba ya sintiri, ya bayyana mana shirinsa. Zai ɗana bindigar a gaban Shugaba, ya wargaza ta, ya mayar, idonsa a ɗaure da hankici. Direba ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe irinta. Ya ce irinta har matashin kai ya yi da ita a bariki.

Aka buɗe akwati. Ga ta nan baƙa wuluk tana ƙyalli, a shafe da giris ɗin kamfani, ga ɗan littafin bayani a gefe. Nasanta ya ɗauki littafin da yatsa biyu ya cillo mini, ya ce takarda ta 'yan koyo ce.

Ita wannan bindigar, hannun da ake ja a ɗana ta yana can gaba ne ta gefen hagu, a kwance, ya lafe a jikin ƙarfe. Nasanta ya sa yatsa ya ja. Sai hannun ya fara buɗewa waje da ƙyar, kamar wuƙar aljihu. Nan take ya sake shi, ya ja da baya yana girgiza kai.

"Kun ga aikin kamfanonin zamani ko? Ba a ko taɓa ta ba, hannu har ya fara ɓallewa. Da wani ne ya ja, da yanzu ya karye."

Ya mayar da hannun ya lafe yadda yake, ya zaro salatif, ya nannaɗe gaɓar tam har sau bakwai, ya yanke da haƙori. Direba ya ce shi dai bai taɓa ganin an ɗaure abu sannan a ce ya tafi ba. Nasanta ya ce masa shi ya sa har yau yake direba.

Ya dafe bindigar a ƙirji ya ja hannun baya. Ko motsi. Ya ƙara ja har jijiyar wuyansa ta fito, farcensa ya tsage. Ya sa yatsan a baki yana tsotsa, yana yi mana darasi ta gefen baki, wai a cikin irin wannan bindigar akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu mirginawa kamar boris, su ke kulle ta. Wannan kam gaskiya ne, don jiya-jiya ya ji Baba yana faɗa. Abin da ya ƙara daga kansa shi ne wai boris ɗin sun bushe saboda doguwar tafiya, ƙishirwa suke ji.

Direba ya hana shi baƙin mai, sai Nasanta ya je ya ɗebo da kansa daga galan ya tsiyaya ta kowace kafa. Ya ja, shiru. Ya ce baƙin mai ya yi mata kauri, sai mai laushi. Kafin Inna Kuku ta ankara ya sunkuci kwalbar man girkinta ya juye rabi. Yanzu bindiga ta zama kamar tarwaɗa. Ya matse ta a hammata, ya ciji leɓe, ya fizga da dukan ƙarfinsa, sai ta suɓuce ta baya, ta bi iska, ta faɗa tsundum cikin bahon da Inna ta jiƙa tukwane.

Inna ta dubi baho, ta dubi kwalbarta, ta tambaye shi ko ta yanko albasa ne tunda an riga an sa mai. Ya ce mata wankin ma yana cikin tsari.

Dabara ta uku rana ce. Ya ce an ƙera ta a ƙasa mai sanyi, ƙarfenta ya takure, sai ta saba da yanayinmu. Ya taka kujera ya shimfiɗa ta a kan rufin kwanon rumfar kicin, ya koma inuwa ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba mutane labarin ranar da wani babban hafsa ya roƙe shi kada ya bar bariki.

Ni kuwa da zama ya ishe ni, sai na buɗe ɗan littafin nan. Ba sai ka iya dogon karatu ba, hotuna ne. A shafin farko ga hoton hannun mutum ya buɗe hannun ɗanawar waje gaba ɗaya, ga kibiya tana nuna yadda yake lanƙwasowa. A hoto na biyu an ja shi baya da tafin hannu. A ƙasa an rubuta cewa buɗewar nan ita ce ke sakin boris ɗin, kuma sabuwa takan yi tauri sosai har sai an goge giris ɗin kamfani an yi ta ja ta saba. Wato abin da Nasanta ya ɗauka karyewa ne, shi ne aikin. Da hannunsa ya ɗaure ƙofa, tun safe yana dukan bango.

Na tuna gargaɗin Yaya, na ja shi gefe bayan tankin ruwa, na yi ƙasa da murya. Na ce, "Babban Yaya, ina ganin salatif ɗin nan ne matsalar. Hannun buɗe shi ake yi."

Ya dube ni da tausayi. "Auta, ranar da na fara riƙe bindiga kai kana yawo ba wando. Je ka sha ruwa."

Ƙarfe ɗaya, rana ta take, ya hau kujera ya kamo bindigar da hannu biyu. Ban taɓa sanin mutum mai tumbi zai iya rawa a kan kujera ba sai ranar. Ya sake ta, ya yarfe hannu, ya hura, ya ce zafin ya shiga yadda ake so. Na ga dama ta samu, na matso na buɗe masa shafin a gaban idonsa. Ya ce yawwa, Allah ya yi maka albarka, ya fizge littafin, ya naɗe shi a jikin ƙarfen ya sauko da ita da shi kamar mai sauke tukunya. Kafin ya iso ƙasa hotunan sun jiƙe sharkaf da mai.

Daga nan sai ya ce hannu ya yi nasa, saura ƙafa, haka ake yi a fagen daga. Ya kafa gindin bindigar a ƙasa, ya riƙe ta a tsaye, ya ɗora dugadugin takalminsa a kan hannun da ya sha salatif da mai iri biyu, ya ce kowa ya matsa. Ya taka da dukan nauyinsa. Takalmi ya zame, ƙafa ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, muka ji ɓarrr. Wandon kakinsa ya rabe tun daga ƙugu har gwiwa.

Direba ya ce alhamdu lillahi, ga abu ɗaya dai ya buɗe yau. Inna ta juya baya tana dariya har tana riƙe ginshiƙi. Wani cikin masu sintiri ya ba shi shawara cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya jira Baba. Nasanta ya miƙe da ƙyar, ya shiga bayan tanki, muka ji ƙarar salatif na warwaruwa. Ya fito da baƙin layi tun daga baya har gwiwa yana tafiya a buɗe, ya ce ya ji ta motsa, saura ƙiris.

Ƙarfe uku sai ga Yaya da yaran huɗu, an yi musu wanka an sa musu kayan fita. A hannunta akwai zare, ta zo auna tagogin gidan Baba don ta ɗinka labule. Da na gan su sai tausayi ya kama ni, wallahi har dariyar ta fita daga raina. Na tare ta na gaya mata komai. Ta dubi mijinta, ya sha mai har gira, salatif har gwiwa, ta je kusa da shi cikin ladabi ta ce, "Baban yara, ko za ka gwada abin da Auta ya faɗa? Ba ya rage ka da komai."

Da a ce ya yi shiru, da ya tsira. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce yau ga ikon Allah, mace da ƙaninta za su koya masa bindiga, ta je ta auna tagoginta. Yaya ba ta ce uffan ba. Ta nannaɗe zarenta a yatsa, ta ja yaranta ta zauna a benci. Ni na san wannan shirun tun ina yaro, kuma ban taɓa ganin ya ƙare lafiya ba.

Saura rabin awa, sai ya fito da babbar dabara. Ya ɗaure bindigar da igiyar shanya a jikin ginshiƙin rumfar kicin. Ya zaga waya a wuyan hannun ɗanawa, ya ƙulla wata igiyar a jiki, ya kai ƙarshenta bayan motar sintiri. Direba ya zare makullin motarsa ya jefa cikin aljihun ƙirji ya maɓalle. Nasanta bai damu ba, ya mayar da igiyar bayan babur ɗin ofis, ya haye, salatif ɗin wandonsa yana kuka. Inna ta ce ya bari ta sauke tukunya tukuna. Ya ce ja ɗaya ne tak, ko miyarta ba za ta sani ba.

Ya tayar da babur, ya tafi a hankali har igiya ta miƙe. Hannu bai motsa ba. Ya waiwayo ya ga idanu sun fi ashirin a kansa, har da na 'ya'yansa, sai ya murɗa mai gaba ɗaya.

Abin da ya motsa ginshiƙi ne. Ya tumɓuke daga ƙasa da sumuntinsa, rumfar ta durƙusa, kwanon rufi ya zubo da ƙara kamar an kifar da shagon maƙeri. Tukunyar Inna ta yi gefe, kajin da ke kiwo a bayan kicin suka watse har ɗaya ta haye kan tanki. Shi kuwa Nasanta da ya ji nauyi ya saki, sai ya ɗauka bindiga ce ta ɗanu. Ya ɗaga hannu ɗaya sama yana murna, babur na gudu, ginshiƙi da bindiga na biye da shi suna tsalle a tsakar harabar ofis.

A ka'ida, in Shugaba ta iso sai ta yi hon a ƙofa, kafin mai gadi ya ɗaga sanda kowa ya gyara hularsa. Amma ranar sanda na ɗage tun safe, mai gadin kuma yana kan babur. Motarta ta shigo shiru ba sallama. Nasanta ya juyo da kai ya gan ta gab da shi, ya taka birki, ya kife a cikin furannin gaban ofis. Ginshiƙin ya zo ya tsaya daidai tayar gabanta.

Shugaba 'yar ƙaramar mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, amma ta yi shekara ashirin tana sintiri kafin ta hau kujera. Ta fito, sai ga Baba Mai Makulli ya fito ta ɗaya ƙofar, don ta rage masa hanya daga gari. Kumatunsa a kumbure, bakinsa cike da auduga. Da ya ga sabuwar bindiga ɗaure da ginshiƙi tana ɗigar man girki, sai ya yi wani irin nishi da ban taɓa ji daga bakin ɗan Adam ba.

Shugaba ta sa aka kwance igiyoyin. Ta juya bindigar, ta nuna bakinta ƙasa, ta tsura wa baƙin ƙullin ido. Ta tambaya wa ya yi mata ɗauri.

Nasanta ya fito daga furanni ya ƙame. "Ranki ya daɗe, da lahani aka kawo ta daga kamfani. Hannun yana ɓallewa. Ba don na yi saurin kama shi ba, da yanzu wani labarin ake yi."

Ta ce a ba ta wuƙa. Inna ta miƙo ta yankan albasa da saurinta. Shugaba ta yanke salatif ɗin ta ɓare shi zagaye bakwai, tana miƙa wa Nasanta kowane yanki yana karɓa da hannu biyu. Ta goge tafinta a hankici, ta buɗe hannun waje har ya tsaya, ta ɗan cije, ta ja. Ƙaras. Ta leƙa ciki ta tabbatar babu komai, ta sake shi, ta sake ja. Ƙaras. A harabar nan ba ka jin komai sai kazar da ke kan tanki.

Nasanta ya yi gyaran murya. "Ai ranki ya daɗe, ni na sassauta ta."

"Na gani. Har rumfar kicin ka sassauta."

Ta ce irin wannan ba a kawo ta ba littafi, ina yake. Direba ya tsinto shi daga ƙasa yana naso. Ta tambaya ko a cikin ƙarti ashirin akwai wanda ya buɗe shi kafin a soya shi. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina, don na yi wa Yaya alkawari. Sai na ji murya daga kan benci.

"Ranki ya daɗe, ƙanina ya karanta. Sau biyu yana gaya masa, na uku ni na gaya masa."

Shugaba ta miƙo mini bindigar. Na yi yadda hoto ya nuna. Da tauri kam, sai da na sa ƙarfi har gumi ya karyo mini, amma ta ɗanu. Ta tambaye ni me za a yi mata yanzu. Na ce a wanke duk wannan man da giris ɗin, a sa ɗan man bindiga kaɗan, a yi ta ja a hankali har ta saba. Ta dubi Baba. Baba bai iya magana ba, ya laluba aljihu ya zaro tarin makullan, ya damƙa mini, ya rufe hannuna da nasa. Shi kuma Nasanta aka ce ya tsayar da rumfar Inna kafin magariba, ya koma ƙofa, kuma kada a sake ganin dutse a ƙarƙashin sandar.

Da mutane suka watse, na tsaya da makullai a hannu kamar wanda ya yi sata. Kujerar da aka ce in tsaya wa mijinta ya samu, ga shi ni na ɗauke. Yaya ta taso ta nufo ni, na shirya jin abin da ban taɓa ji ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta warware zarenta daga yatsa, ta miƙo mini bakinsa.

"Riƙe nan, Auta. Kai tuzuru ne, me za ka yi da ɗaki biyu?"

Ƙarshen wata suka tare. Yaya da mijinta ɗaki ɗaya, yara ɗaki ɗaya, ni mai gida ina kan doguwar kujera a falo. Nasanta kuwa har yau in baƙi sun tsaya a ƙofa yana nuna musu rufinmu daga nesa, yana ba su labarin yadda ya gyara bindigar da ta gagari kamfani, hukuma ta saka masa da gida.

Shekaranjiya da safe ina ɗaure igiyar takalmi, famfon tsakar gida ya fara ɗiga. Na ji Nasanta ya buɗe ƙofa, ya tsaya, ya ce, "Na san ta." Na ji ƙarar salatif ya fara warwaruwa. Sai muryar Yaya daga kicin, ko ɗagawa ba ta yi ba:

"Baban yara, ajiye shi."

Ya ajiye.